Ɗakin Inna Tumba da Sharrin da Aka Yi wa Manhaja

Kwanan baya wani saurayi da ya gama karatun kwamfuta ya zo ofishina a Birnin Kebbi neman koyon aiki. Ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce mini ai gyaran manhaja bai wuce kashewa da kunnawa ba. Ban kore shi ba, domin ni mutum ne mai bin ƙa'ida. Amma tun daga ranar na ƙudura zan rubuta wa shi da ire-irensa abin da sana'ar nan ta ƙunsa, don su sani cewa saura ƙiris a rushe ɗakin wata tsohuwa a Argungu saboda wani layi da ya hau sama a fuskar kwamfuta. Da kashewa da kunnawa ne aikin, da yanzu ko ƙasar ɗakin ba a gani.

Sai na fara da abin da ake aunawa. Radon iska ce da ke fitowa daga ƙasa da duwatsu, ba ta da launi, ba ta da wari. A fili ba ta dami kowa ba, iskar Allah ke kwashe ta. Amma idan ta taru a ɗakin da ba ya shan iska, mutum ya yi shekaru yana shaƙarta, tana iya jawo ciwon daji a huhu. Na'urar da ke auna ta ba ta fi ƙaramar rediyo girma ba. Ana ajiye ta a ɗaki, ta yi ta aunawa dare da rana, tana haɗawa da zafin ɗakin da laimarsa. Daga baya a jona ta da kwamfuta, manhaja ta kwaso abin da ta tara, ta zana shi a layi mai hawa da sauka. Aikina yana tsakanin na'urar da wannan layi. Idan layin ya yi abin da hankali bai ɗauka ba, ni ake kira, kuma ni ake zagi.

Wurin Malam Sahabi na koyi aikin, a ɗakin gwaji na wani shirin bincike da ke auna gidaje da rijiyoyi a kwarin Rima. Na je masa da takardar digiri a hannu, ya karɓa, ya duba gaba da baya, ya mayar mini, ya miƙo mini kwali cike da wayoyin jona na'ura da suka sarƙe da juna.

"Warware," in ji shi. "In ka gama ka gwada su dut, ka hidda masu gaskiya daban, maƙaryata daban."

A nan na fara sanin cewa waya ma tana ƙarya. Akwai wadda za ka sayo a kasuwa, ta yi kyau, ta kawo wuta sarai, amma ko harafi ɗaya ba za ta ɗauko daga na'ura ba. Malam Sahabi bai bar ni na taɓa madannan kwamfuta ba sai da damina ta wuce. Ranar da ya bar ni kuwa, ina kai hannu ya doke shi da rula.

"Kwahe ka aje tukuna! Kak ka taɓa komi sai ka kwahi na asali ka ɓoye."

Allah ya jiƙansa. Har yau ba na gyara komai sai na kwafi ainihin bayanan na ajiye gefe, na rubuta ranar da sunan wanda ya kawo.

Jakar aikina ba ta da abin burgewa. Akwai wayoyi masu gaskiya, kowacce da alamar jan zare. Akwai batura, da ɗan burushin share ƙura daga bakin na'ura, da kwalbar ƙwayoyin da ke shanye laima, waɗanda ke sauya launi idan sun ƙoshi. Sai tsohuwar kwamfutar hannu mai nauyin turmi, wadda abokan aiki suke kira kakar ofis. Sun yi ta roƙona na jefar da ita, na ƙi, domin ita kaɗai ce tsofaffin na'urorinmu suke yarda su yi magana da ita ba gardama.

Masu kawo mini ƙara kuwa kalmarsu ɗaya ce, kamar an haɗa musu baki: "Wallahi ban taɓa komai ba." Wani jami'i a Gwadangaji ya kira ni yana haki, wai manhaja ta haukace. Na hau keke na je, na tarar bayanansa sun nuna an auna gidansa tun kafin a haife shi. Batirin agogon na'urar ne ya mutu, ta koma ranar da aka ƙera wa agogon farawa. Na tambaye shi ko ya ga gargaɗin batir. Ya ce ya gani, amma ya ɗauka gaisuwa ce. A Augie, wurin gwajin ruwan rijiya, na sami kwamfutar aiki cike da waƙoƙin biki da aka zuba mata daga filashin wani mai shago, ɗan abin nan na ɗaukar bayanai, tare da cutar kwamfuta da ta cinye rabin manhajar. Mai kwamfutar ya rantse bai taɓa komai ba, alhali ganga tana tashi daga cikinta. Ina rubuta wannan ina dariya, amma a ranar sai da na rubuta masa takardar jan kunne shafi guda, kuma ya cancanta.

Shekarar da muka fi shan wuya ita ce wadda masu ƙera na'urar suka aiko da sabuwar manhaja. Tana da kyan gani, amma ta zo da ƙananan laifuffuka: wani lokaci ta tsaya cak ana tsakiyar kwaso bayanai, wani lokaci ta ƙi ganin na'urar da ke gabanta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na magance. Sai dai suna ya riga ya ɓaci. Daga nan duk abin da ya faru a ofis, manhaja ce. Ko janareta ya ƙi tashi sai wani ya waiwayo ya dube ni. A cikin bazarar wannan shekara, zafi yana narka kwalta, aka kawo mini bayanan ɗakin Inna Tumba.

Inna Tumba tsohuwa ce a Argungu, mahaifiyar wani ɗan kasuwar shinkafa mai suna Alhaji Nomau. Ɗakinta na ƙasa ne, rufin azara, marigayi mijinta ya gina shi da hannunsa, kuma a cikinsa aka kai ta amarya. Alhaji ya mayar da gidan duka na bulo da siminti, saura wannan ɗaki a tsakiya. Ya daɗe yana lallashinta ta bari a rushe a yi mata na zamani, tana cewa sai dai a rushe da ita a ciki. Da shirinmu ya zo neman gidajen da za a auna, shi ya fara miƙa nasa.

Da na buɗe bayanan sai da na cire tabarau na goge. A ɗakin da ke da lafiya, layin yana ɗan hawa wajen asuba, lokacin da ƙofofi suka daɗe a rufe, ya sauka da rana idan ana shige da fice. Na Inna Tumba kuwa yana kwance lumui tun yamma har safiya. Da hantsi ya yi sai ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi, ya haye ninki ba ninki sama da abin da ake yarda mutum ya zauna a ciki, ya tsaya can har la'asar, sannan ya gangaro. Kullum haka.

Shugabar shirin, Dakta Luba, ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Malam Dikko, agogon ne ya juye. Manhajarku ta mayar da dare rana."

Manhajarku. Kamar ni na haife ta.

Na duba agogon, daidai yake. Na cire sabuwar manhaja na sa tsohuwa, layi bai motsa ba. Na koma kan kakar ofis, na canja waya, haka. Na sa aka ɗauko na'urar aka kai wata wadda na gwada da kaina a ofis, ta yi kwanaki a ɗakin, aka kwaso mini bayananta aka bar ta can, ta zana mini layin nan sak. Sannan na duba ma'aunin zafi, na ga abin da ya sa na fashe da dariya ni kaɗai har masinja ya leƙo. Da tsakar rana, a Argungu, a bazara, zafin ɗakin yana sauka, laima tana hawa. Na ce idan da gaske akwai ɗakin da ke yin sanyi da azahar a garin nan, ni ma haya nake nema.

Abin dariyar bai daɗe ba. Malamar da ke kai na'urori gidaje ta riga ta nuna wa Alhaji Nomau layin, kuma Alhaji ya riga ya sauke bulo da yashi a ƙofar gida. Ya kira ni a waya.

"Injiniya, ka hwaɗa min gaskiya tsakaninka da Allah. Akwai guba ɗakin tsohuwata ko babu?"

"Alhaji, ban sani ba tukuna."

"To ni ban iya zama ina kallon uwata tana shaƙar mutuwa. Magina na tahe Assabar."

Ban ga laifinsa ba, tsoro ne na gaskiya a muryarsa, ko da yake ya zo daidai da abin da ya daɗe yana so. Dakta Luba ta ajiye mini rahoto a kan tebur ta ce na zaɓi ɗaya: ko na rubuta kuskuren manhaja ne a watsar da bayanan, ko na rubuta ɗakin yana da haɗari. Na miƙe tsaye, domin irin wannan magana ba a yinta a zaune. Na ce mata idan na rubuta kuskure ne alhali iskar tana nan, na bar tsohuwa tana shaƙa. Idan na rubuta haɗari alhali babu, na rushe mata ɗaki da alƙalamina. Kuma manhajar nan na bincike ta ciki da bai, ba ta yi ƙarya ba, ba zan sa hannu a yi mata sharri don a rufe fayil ba. Dakta ta ce to na je na tambayi ɗakin da kaina. Na ce haka za a yi.

Ranar Juma'a da sassafe na shiga motar Argungu da jakata. Alhaji ya yi mini iso cikin gida, muka ratsa tsakanin tulin bulo. Inna Tumba tana zaune a kan buzu a ƙofar ɗakinta, 'yar ƙaramar tsohuwa mai idanu kamar na shaho. Na durƙusa na gaishe ta.

"Kai na ɗan bokon da zai kada min ɗaki?"

"Inna, ni na zo ne in hana, in Allah ya yarda."

"Haka dut kuka cewa. Alhajinku ma haka yac ce randa yak kawo bulo." Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. "Shiga ka gani. Ka hidda takalmi."

Na'urar tana kan akwatin ƙarfe, daidai inda aka ce a ajiye ta, an share ƙurar da ke kanta tas. Na duba daɓe, babu tsagewa. Na bi bango da hannu. Akwai 'yar taga a sama da aka toshe da tsumma. Bayan ƙofa randuna biyu ne a binne rabi cikin jiƙaƙƙen yashi, kowacce da faifai a baki, kamar na kowace tsohuwa a ƙasar nan. Na jona kwamfuta, layi yana kwance lafiya. Na cire wayar jonawa na fita, muka zauna da Alhaji a zaure, yana ba ni labarin farashin shinkafa, ni kuwa ina duban agogo.

Da rana ta take, kafin mu tafi masallaci, na ce bari na sake leƙawa. Na yi sallama na shiga. Akwati yana nan, na'ura babu.

"Inna, ina na'urar?"

"Kai, rage murya. Tana hutawa."

Ta tashi da sandarta, ta je bayan ƙofa, ta ɗaga faifan randa ta biyu. Na leƙa. Ga na'urar gwamnati can ƙasa, zaune a kan ganyen goro, kwalbar man shanu a damanta, ƙullin maganin hawan jini a hagunta, 'yar fitilarta tana ƙyaftawa cikin duhu.

"Randag ga ta tsage ga gindi tun bara waccan, ba ta riƙe ruwa," in ji Inna. "Amma sanyinta na nan. Malamarku tac ce min kak rana ta taɓa abin ga, kak shi yi zahi, mai tsada na. Ni ko amana anka ba ni. Da hantsi in na taɓa ta sai in ji ta ɗau ɗumi awa mai masassara. Zahin ga mutum ma kashe shi shikai, balle baƙuwad da tah hito ƙasas sanyi. Sai in sa ta nan wurin gorona. In la'asar ta yi in hiddo ta ta sha iska."

Ni mutum ne mai kamun kai a gaban manya. Amma ranar sai na zauna daɓas a kan daɓe ina dariya har hawaye, hulata ta faɗi. Alhaji ya shigo da gudu yana tsammanin gubar ce ta kama ni. Na nuna masa randa. Ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa.

"Inna! Cikin goro?"

"To ina kaka so in sa ta? Cikin hiriji naka da ba ya da wuta?"

Da na sami numfashi na yi musu bayani. Randar ta tsage a gindi, gindin kuwa yana cikin ƙasa, baki a rufe da faifai. Iskar da ke tasowa daga ƙasa tana shiga ta tsagar, ta rasa hanyar fita, ta taru. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, manhaja ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka ba su suka auna, kuma cikin randa aka ba su. Malamar da ke zuwa dubawa da safe take zuwa, kullum ta tarar da komai a wurinsa, babu kuma wanda ya taɓa tambayar Inna yadda baƙuwarta take wuni.

"Ke nan ba guba?" in ji Alhaji.

"Ke nan ba mu auna ɗakin da rana ba ko sau ɗaya. A dakatar da magina, a bar na'ura a kan akwati dare da rana, sannan in ba ka amsa."

A nan sabuwar rigima ta tashi, domin Inna ta ce ba da ita ba. Ta ce ba za a ba ta amana ta zuba ido zafi ya kashe ta ba, ranar lahira ita za a tambaya, ba ɗan boko ba. Ta ce to za ta riƙa yi mata fifita da mafici. Na ce fifita za ta ɓata awo. Ta ce ta lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zane. Na ce wannan ya fi fifita muni. Na nuna mata a takardar masu ƙerawa cewa na'urar tana jure zafin inuwa irin na ɗakinta, ta ce takarda ba ta taɓa kwana Argungu ba.

Can na ce, "Inna, to na ɗauke miki amanar. Daga yau tana wuyana. In ta mutu, ni za a tambaya, duniya da lahira."

Inna ta ce, "Ka hwaɗi gaban shaidu."

Alhaji shaida ɗaya ne. Aka fita neman na biyu, sai ga shugaban magina ya iso da igiyar awo, ya zo duba ta inda za su fara sara gobe. Aka shigo da shi, ya cire takalmi, ya tsaya a tsakiyar ɗakin da ya zo rushewa, ya ɗaga hannu ya shaida cewa na'ura ta fita daga wuyan Inna Tumba ta koma wuyan Malam Dikko. Aka yi fatiha. Inna ta raba mana goro daga randar, mai sanyi ƙwarai, ban taɓa cin irinsa ba.

Na'urar ta yi mako a kan akwati ba wanda ya taɓa ta. Da na kwaso bayanan, layin ya fito kamar yadda ake koyarwa a aji: ɗan hawa da asuba, sauka da rana, ko kusa da iyakar haɗari bai je ba. Na rubuta rahoto da hannuna cewa ɗakin lafiyayye ne, tare da shawara biyu: a cire tsagaggiyar randa a cike raminta a daɓe, a kuma zare tsumman da ke taga. Na ƙara sakin layi guda da ke wanke manhaja daga duk abin da aka jingina mata, na ja masa layi a ƙasa, na kai wa Dakta Luba ta karanta a gabana. Ta yi dariya har ta kifa kai a tebur, sannan ta sa hannu.

Alhaji ya sayo wa mahaifiyarsa sabuwar randa. Bulon da ya sauke kuwa Inna ta ba da umarni a gina wa awakinta garke da shi, magina suka gina, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana gyara musu layi da sanda.

Ranar da na je ɗaukar na'urar ba ta bar ni na taɓa ba. Da kanta ta sauko da ita daga kan akwati, ta riƙe ta da hannu biyu, ta jinjina ta sama da ƙasa, ta kara ta a kunci. Sannan ta miƙo mini, tana harara ta.

"Ta rame," in ji ta.

Ta koma cikin ɗakinta ta saki labule.